Takalman da Janar Ya Ara

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar damina, cikin dogon hutun shekarar da na gama aji biyar na firamare. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi-sanyi, indararo bai gama ɗiga ba, kaji sun takure a gindin rumbu. Ina tsugune bakin rijiya ina wanke kwanonin tuwon jiya sai na ji Iya, kakata wadda ta haifi babanmu, ta ƙwala mini kira daga ɗakinta. Abin ya ba ni mamaki, don ita ba ta yi wa kowa magana da safe sai ta idar da lazimi, hantsi ya ɗaga. Na shiga na same ta zaune kan buzu da carbi a hannu, a gabanta kuma ga wani tsohon majanyi na saƙi, baƙi mai ratsin fari, a ninke, yana ƙanshin adaka. Ta turo mini shi ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Takwara, yau za a sauke tsayayyen nan na bayan ganuwa. Ki bi babanki. In an ba ku takalman, a cikin wannan za ki naɗo su. Kada ki bari su taɓa ƙasa."

Tsayayyen da take nufi mutum-mutumin wani Janar ne na soja, wanda aka kafa a ɗan shataletalen da ke bayan ganuwa, inda hanyar cikin birni ta haɗu da babban titi. Tun ina goye yake nan. Mu 'yan Ƙofar Galadima ta nan muke ratsawa in za mu makaranta ko za mu kai abinci gona, kuma idonmu bai taɓa ganin abu mai girma irinsa a siffar mutum ba. Dakalin da yake tsaye a kai ya kai ƙirjin babban mutum, shi kuma can a sama, da hular soja, da sanda a hammata, hannun dama a goshi yana sara wa wani wanda mu ba mu gani. Da siminti aka yi shi, aka shafe da baƙin fenti, ruwa da rana suka mai da shi kore-kore. In na tsaya a gindinsa na ɗaga kai har ɗankwalina zamewa yake yi, in kuwa gajimare na wucewa ta bayansa sai in ga kamar shi ne ya taso zai taka ni, in ruga a guje. Gobe kuma in sake tsayawa.

Babu irin labarin da ba mu ba juna a kansa ba. Wasu suka ce yana juya kai in an busa begila a bariki. Wata ƙawata ta rantse ta ga ya sauke hannu ya huta da tsakar rana, da ya ga ba kowa. Maza kan yi gasar ɗarewa dakalin su taɓa gwiwarsa su diro, mu mata kuma mu zauna a inuwarsa mu yi 'yar carafke kafin a buɗe injin niƙa da ke tsallake. Masu rake da masu dafaffiyar gyaɗa duk a nan suke kasa kayansu, suna bin inuwar tana juyawa suna matsawa. Malaminmu na boko ya ce mana wannan mutum ne da ya ja sojoji a yaƙin basasa don kada ƙasa ta rabe, bayan ya rasu gwamnati ta kafa siffarsa don a riƙa tunawa da shi, saboda haka in mun zo wucewa mu nutsu. Malaminmu na allo kuwa cewa ya yi, "In kun zo wajen gunkin nan ku kau da kai, ku yi a'uziyya." Sai muka raba: da safe mu nutsu, da yamma mu kau da kai. Manya su kuma abin dariyarsu ɗaya ne, wai ƙafar Janar ta yi masa kaɗan, ƙaton mutum a kan 'yan ƙafafu. A gidanmu ne kaɗai ba a yin wannan raha, kuma sai da na yi wayo na san dalili.

Gidanmu gidan dukawa ne. A zaure babanmu, Malam Shehu, yake aiki, tsakanin jar fata da baƙa, da basilla, da 'yar wuƙarsa mai lanƙwasa, yana ɗinka jaka da kube da gafakar Alƙur'ani. Warin jima ya kama bangon gidan har ba ma jin sa sai baƙo ya faɗa. Babanmu yana da wa, Baba Lawal, ɗan farin Iya, wanda ban taɓa gani ba. A wannan zauren ya koyi dukanci, ƙato ne kuma bahago, da yaƙi ya tashi ya ajiye basilla ya shiga soja, ya faɗa cikin rundunar wannan Janar ɗin. Da aka gama yaƙi wasu suka dawo, shi bai dawo ba. Wani abokinsa ne ya kawo akwatinsa na ƙarfe, da bargo a ciki, da kaki, da takalmansa na fareti. Ya ce wajen haye wani babban kogi aka yi musu ruwan wuta, tun daga ranar ba a sake ganinsa ba, ba a kuma ga gawarsa ba.

Ummata ce ta ba ni wannan labari wata rana muna surfe, tana magana ƙasa-ƙasa tsakanin saukar taɓarya. Ta ce da mata suka shigo yi wa Iya gaisuwa, sai ta tare su a bakin ƙofa ta ce, "Wa ya gani?" Ba wanda ya gani. Haka suka juya, ba a yi zaman makoki ba. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda matan zamaninsu suka riƙe da gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In dole ta kama sai ta ce "wancan". Ko wani Lawal ɗin daban ne ya yi sallama, sai ta ce "mai sunan wancan ya zo". To, uwar da ba ta da bakin tambayar ɗanta, ba ta da damar yi masa kuka, ina za ta kai abin da ke cinta? Sai ta kai shi kan takalma. Duk Juma'a ta fito da su ta goge da man shanu, ta ce fata ba ta son zama a bushe, ta mayar cikin akwati.

Ana nan sai aka zo kafa Janar. Mai aikin wani baƙo ne daga kudu, da yaransa. Ya nemi takalmin soja na gaske, babba, mai unguwa kuwa ya san inda akwai, ya rako shi har zaurenmu. A unguwarmu aron abu don a ɗauki fasali ba baƙon abu ba ne. Mai ɗinkin hula yakan ari hular maƙwabci ya kwafi zane ya mayar, babanmu ma sau da yawa akan kawo masa tsohuwar jaka ya duba ya yanka irinta. Iya ta ɗauka haka wannan ma zai yi, ya ajiye su a gabansa yana kallo yana kwaikwayo. Ta goge su, ta aika da su zaure. Ashe shi ba haka yake aikinsa ba. Ya huda tafinsu ya zura rodi, ya ɗura musu siminti, ya shafe bayansu da wani simintin, ya ɗora Janar a kai. Shi ya sa ƙafar ta yi kaɗan. Da aka yaye ƙyallen da aka lulluɓe Janar da shi aka yi biki, babanmu ya je karɓo aro, mutumin ya nuna masa dakali ya ce ai ga su can. Ya ba da haƙuri iyakar iyawarsa, har ya sayo sababbi fil ya kawo. Iya ta ce a mayar masa da kayansa. Abin da ta faɗa ke nan: "Aro na bayar. In ya gama tsayuwar ya dawo da su."

Ita ba ta taɓa zuwa ta gan shi ba. Ba ta fita bayan ganuwa, kuma ba za ta ɗaga ido ta dubi gunki ba ko da an kai ta. Ni ce idonta. Duk ranar da na dawo daga makaranta ko daga gona, na ajiye kwanon abinci, na zo gaishe ta, sai ta bari na gama ba ta labarin dawa ta yi kaza, gyaɗa ta yi fure, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Ƙafafun suna nan?" In ce suna nan, Iya. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da kaɗa mazarinta. Da farko na ɗauka wasan kaka da jika ne, har nakan tsokane ta in ce yau Janar ya tafi kasuwa da su. Sai ta ɗaga mafici ta ce, "Ja'ira, zo nan in ga bakin da ya faɗa." Bayan Umma ta ba ni labari ban ƙara yin wannan wasa ba. Na koma tsayawa a gaban dakalin, daidai tsawon idona, ina duban igiyoyin takalmin da suka fito raɗau ta cikin siminti, in ce a raina ashe wani abu na gidanmu ne ke ɗauke da wannan ƙaton.

A shekarar da nake magana aka fara faɗaɗa titi, shataletalen kuma ya tare hanya. Dama malamai sun daɗe suna wa'azi a kan mutum-mutumin, sai abu biyu suka haɗu. Labari ya zo cewa sojoji za su ɗauke shi ɗungurungum su kai bariki, inda farar hula ba ya shiga. Babanmu ya je wajen mai unguwa, mai unguwa ya tura shi gaba, na gaba ya ce ba hurumina ba ne. Ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya ce, "Iya, sai dai haƙuri, abin ya fi ƙarfinmu." Washegari ne ta kira ni ta ba ni majanyi.

Muka fita, babanmu a gaba, ni a baya rungume da majanyin, muna tsallake kwatami da taɓo a lunguna. Ko da muka fita ƙofar gari wurin ya cika maƙil. Mutane a kan ganuwa, yara a kan bishiyoyi, masu kekuna sun jingine sun tsaya. Ga wata mota mai dogon wuyan ƙarfe wadda ban taɓa ganin irinta ba, wuyan ya wuce kan Janar, sarƙa na reto a bakinsa. Ranar na fara ganin abin da ya fi shi tsawo. Sojoji sun ja igiya sun kewaye wurin. Babanmu ya kutsa, ina riƙe da gefen rigarsa, har gaban wani matashin hafsa mai tabarau. Ya cire takalmi ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, takalman da ke ƙafarsa na yayana ne, aro aka yi." Hafsan ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya ce an ba su umarni su kai shi yadda yake, sannan ya umarci babanmu ya koma baya. Wani tsohon samanja mai furfura a gashin baki yana gefe yana ji, shi ne ma ya sa sanda ya mai da mu bayan igiya. Na dubi majanyin da ke hannuna, na rasa da wane baki zan gaya wa Iya.

Leburori suka sassare saman dakalin a kewayen ƙafafunsa, suka naɗa wa Janar sarƙa a ƙirji da hammata. Kafin a ja, sojojin suka jeru, aka busa begila, suka ƙame suka sara masa. Duk hayaniyar nan sai ta mutu, har kukan shirwa ana ji a sama. Injin ya yi gurnani, sarƙa ta miƙe, ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafata. Janar bai motsa ba. Aka ƙara wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Sai muka ji ƙara, ƙas, kamar an karya babban reshe, mutane suka ɗauki salati. Janar ya tashi sama. Na ga sararin Allah a ƙarƙashinsa, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Yana reto a hankali, yana juyawa, hannunsa na nan a goshi, ya sara wa ganuwa da mutanen da ke kanta, ya sara wa ƙofar gari, ya juya ya sara wa gonaki da fadamar rake, ya kewayo har ya fuskance mu. Wani tsoho kusa da ni yana ta faɗin, "Mulki sai Allah, mulki sai Allah." Sai da aka kwantar da Janar a bayan wata babbar mota kan tsofaffin tayoyi na sauke idona, na dubi dakali. Ƙafafun suna nan. Daga idon sawu ya karye, inda ya fi siranta, ruwan shekaru ya cinye rodin ciki. Takalma biyu a jere, ba kowa a cikinsu.

Hafsan ya shiga faɗa da leburori. Tsohon samanjan nan ya tako har inda muke, ya ce wa babanmu, "Malam, yayan naka a ina ya ɓace?" Babanmu ya faɗa masa sunan kogin. Samanjan ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Ni ma na haye ruwan nan." Ya koma wajen hafsan ya ƙame, ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yallaɓai, Janar aka ce mu kai, ga Janar a mota. Dakali na masu titi ne." Hafsan ya dubi agogo, ya dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas, ya kaɗa hannu ya shige mota. Samanja ya sa aka kawo diga. Takalmin hagu ya farfashe wajen cirewa, sai 'yan guntayen baƙar fata da babanmu ya tsince ya zuba a aljihu. Na daman ya fito ɗungum cikin curin siminti, nauyinsa ya fi ƙarfina nesa. Wani mai rake ya ba mu aron baro. Na shimfiɗa majanyin a ciki, aka ɗora, na rufe da gefensa, bai taɓa ƙasa ba. Da babanmu ya kama baron zai tura, sai na ga samanjan ya haɗa ƙafa ya sara. Na waiga in ga wane babba ne ya zo. Ba kowa, baron yake sara wa.

Daga azahar har bayan la'asar babanmu na zaure yana ɓamɓare simintin da 'yar guduma da tsinin ƙusa, a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, ruwa na zuba a waje. Bai karɓi aikin kowa ba, bai ci abinci ba. Fatar ta fito baƙa ƙirin, ta bushe ta ƙandare kamar ƙwarya, ta tsattsage a wurare, amma takalmi ne, har da ramukan igiya. Da ya kwashe na ciki sai ya tsaya, ya juya fuska wajen bango. Ya ce in naɗe in kai wa Iya, shi yana zuwa.

Na ɗauka a ka na shiga da sallama, na sauke a gabanta. Idon Iya ya riga ya yi rauni a lokacin. Ta warware majanyin, ta shafa bayan takalmin tun daga baki har dunduniya, sannan ta zura hannu ciki. A can wajen dunduniya akwai wani ɗan ƙyallen jar fata da Baba Lawal ya ɗinka da hannunsa a zuwansa hutu na ƙarshe, don takalmin na cin ƙafarsa. Siminti ya rufe shi tsawon shekarun nan, jansa bai ko dushe ba. Na ga yatsunta suna bin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ɗinkin bahago." Ta daɗe a haka, hannunta a ciki. Babanmu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, Umma na tsaye bayansa da ludayi a hannu. Sai Iya ta ɗago ta ce, da muryarta ta kullum, "Abin da zai dawo ya dawo. Shehu, ka je ka gaya wa liman Lawal ya rasu. A yi masa addu'a gobe."

Ludayin ya faɗi daga hannun Umma. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, har babanmu da ya sha nono ɗaya da mai sunan. Ya kifa kai a dokin ƙofa yana kuka kamar yaro, ni ma na fashe, ban ma san me nake wa kuka ba. Ita kuwa ta jawo 'yar kwalbar man shanunta ta fara shafawa.

Washegari Juma'a aka daka gumba, aka toya waina, muka rarraba gida-gida har hannuna ya gaji. Maza suka zauna a zaure aka yi addu'a. Mata suka yi ta shigowa, cikinsu har da tsofaffin da ta taɓa mayarwa daga bakin ƙofa fiye da shekara ashirin baya, waɗanda suka rage a raye. Suka ce, "Iya, ya haƙuri?" Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta zauna ta karɓi gaisuwar ɗanta har rana ta faɗi. Daga ranar ba ta ƙara tambayata ƙafafu ba, ni ce ma na riƙa jin wani iri in na gama ba ta labarin gona ta yi shiru.

Yanzu wurin titi ne mai hannu biyu, motoci da kekuna masu ƙafa uku na ta wucewa a kan daidai inda dakalin yake. An daɗe masu mota na cewa "akwai mai sauka Janar?" bayan babu Janar ɗin, yau kuwa in na faɗa wa yaran nan sai su ce wane Janar. Ban ce ina kewar gunki ba, Allah ya kiyaye, na san hukuncinsa, kuma ban san inda ya ƙare ba. Amma ban taɓa wucewa ta nan ban ji wuyana na so ya ɗaga sama ba. Iya ta rasu, babanmu ya bi ta, Allah ya ji ƙansu, zauren ya zama shagon cajin waya. Majanyin na nan a ƙasan akwatina, da tabon siminti wanda wanki bai fitar ba. Kunyar ɗan fari ma ta tafi tare da masu ita. Nawa ɗan farin sunansa Lawal, kuma gatsal nake kiransa, daga madafa, daga bakin famfo, wani lokaci ba don ina da aiken da zan yi masa ba. In ya amsa, sai in gode wa Allah.